Rago, Turke da 'Yan Ƙasa: Amsoshin Masu Karatu

Wani ɗalibi daga Bodinga: Malam, "Yankasa" sunan wane gari ne da aka laƙaba wa tumaki?

Ɗana, ba gari ba ne. Hausa ce tsantsa: 'yan ƙasa, wato tumakin da aka haifa a nan, suka saba da ranarmu da harawarmu. Masu rubutun boko ne suka haɗe kalmomin biyu, suka zubar da lanƙwasar ƙ, har yaranmu suka ɗauka baƙon suna ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne in ji mutum a Kara, kasuwar dabbobi, yana cewa "Yankasa guda". Guda ɗaya ɗan ƙasa ne, tunkiya kuwa 'yar ƙasa.

Ku dube ta da kyau: fara ce, da baƙi zagaye da idanu kamar ta sha kwalli, wani lokaci har baki da kunnuwa. Uda daban take, gabanta baƙi ko ja, bayanta fari, kunnuwa zalo-zalo, ta Fulani Udawa. Balami kuwa fari fat, dogo, asalinsa Barno. Yanzu kowa Balami yake so saboda kuɗin layya, ana ta barbara ba lissafi, sai ka ga ɗan rago ba ka san me za ka kira shi ba. Alhali tsohuwar da ke ƙauye da tumaki uku, 'yar ƙasa ce ke riƙe ta: ɗan dusa, ɗan kanwa, 'ya'yan gawo da rani, bayan wata 5 da barbara ta haihu. Sunanta ma ya faɗi darajarta, mu ne ba mu saurara ba.

Hajiya daga Achida: rago na dabba da rago na lalaci kalma ɗaya ce?

A'a, Hajiya. Jam'insu ya raba gardama: raguna, ragwaye. Mu Sakkwatawa ma raggo muke ce wa malalaci.

Mene ne "sabo turken wawa"?

Ragon da ya daɗe a turke, ko an kwance igiyar, nan zai dawo ya tsaya. Haka mutumin da sabo ya ɗaure shi ga abin da ba ya amfaninsa. Ba yabon zumunci ba ne, kamar yadda nake jin wasu na amfani da shi a wurin biki.

Tunkiya ko tinkiya?

Duka ana faɗi. Jam'i dai tumaki, kada in sake ganin "tunkiyoyi".