Man Turare da Na'a-na'a Suna Buɗe Toshewar Hanci?

Tambaya: Likita, duk shigowar hunturu hancina kan toshe, goshina da kumatuna su yi nauyi. Maƙwabciyata ta ce in riƙa ɗiga man bishiyar turare (eucalyptus) ko na na'a-na'a a hanci, har ma in yi wa ɗana ɗan wata takwas. Ya halatta? Daga wata uwa a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Malama, sannu da jiki. Cikin ƙashin goshi da kumatu akwai ramukan iska da ke haɗe da hanci ta ƙananan ƙofofi. Ƙurar hunturu da busasshiyar iskar da muke sha a Zariya daga Disamba zuwa Fabrairu kan kumbura fatar ciki, ƙofofin su rufe, majina ta taru. Nauyin da kike ji ke nan.

Man na'a-na'a na ɗauke da sinadarin mantol, wanda kike ji a Robb da mantaleta. Yana taɓa jijiyoyin da ke jin sanyi ne, sai ki ji kamar iska na ratsawa, alhali kumburin yana nan. Man bishiyar turare kuwa yana da siniyol, wanda ke taimakawa majina ta tsinke. Sauƙi suke kawowa, ba sa kashe ƙwayar cuta.

Idan za ki yi, ki yi sirace. Zuba ruwan zafi a kwano, ki bari ya ɗan huce, ki sa ɗigo 2 ko 3 na man, ki lulluɓa da zani, ki rufe ido, ki shaƙa na minti 5 zuwa 10. Kada ki ɗiga shi tsagwaronsa a hanci, yana ƙona fatar ciki. Kada kuma a sha. Mai asma ya ƙaurace masa.

Maganar jaririn ita ta fi damuna. Don Allah kada ki kusantar da waɗannan mayuka ko kafur ga hancin yaron da bai kai shekara 2 ba. Suna iya sarƙe masa numfashi, idan ya haɗiya kuma har jijjiga sukan jawo. Ruwan gishirin ɗigawa da ake sayarwa a kyamis ya wadatar masa.

Ke ma ruwan gishirin zai fi miki aiki: rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce, ki wanke hanci safe da yamma.

Idan abin ya wuce kwana 10, ko zazzaɓi ya yi tsanani, ko gefen ido ya kumbura, ki je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika.