Amsar tambayarka kan fara aiki da AI

Ƙanena, jiya da muke dawowa daga fili ka tambaye ni ta ina ƙungiyar agaji irin tamu za ta fara amfani da ƙirƙirarriyar basira, wato AI, tunda masu ba mu tallafi sun fara tambaya. Hayaniyar hanya ba ta bar ni na amsa maka yadda ya kamata ba, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Ka fara da aikin da ya fi cinye maka lokaci, wanda kuma kai da kanka ka san amsarsa. Sharaɗi na biyun ya fi nauyi. Idan ba ka iya gane kuskuren na'ura ba, to ba ka kai ga ɗora mata aikin ba tukuna. A wurinmu aikin a bayyane yake: amsoshin da masu tattara bayanai ke turowa ta manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, musamman inda mutum ya yi magana da bakinsa, da kuma taƙaita dogayen rahotanni. Ka ware amsa ɗari, ka rarraba su da hannunka, sannan ka ba na'urar ta rarraba, ka jera biyun ka duba inda kuka saɓa.

Na taɓa gwada haka da hirarrakin da muka yi da mata a wani ƙauye. Wata baiwar Allah ta ce ba sa ƙoshi sai kaka. Na'urar ta fassara cewa mahaifiyar iyayensu ce ke ciyar da su. Wani manomi ya ce fari ne ya kashe masa gero, ita kuma ta ɗauka launi yake nufi. Da rahoton ya wuce a haka, da an ce gidajen nan suna da mai riƙe su, alhali suna gaya mana ne cewa watannin damina yunwa suke kwana da ita. Turancin fassarar kuwa tsaf yake, babu inda zai sa ka yi zargi. Waɗannan na'urori sun koyi Turanci daga rubutu mai ɗimbin yawa, na Hausa kuwa kaɗan suka gani, balle karin harshen Sakkwato ko na Damagaram.

Kada ka ɗauka raina abin nake yi. Dubi abin da aka yi a Togo a 2020, lokacin korona. Gwamnatin ƙasar ta buɗe shirin Novissi na tura kuɗi ta waya. Da za a faɗaɗa shi zuwa karkara, sai ta haɗa hannu da ƙungiyar agaji ta GiveDirectly da masu bincike na jami'ar California da ke Berkeley. Da hotunan tauraron ɗan'adam aka gano gundumomi 100 mafi talauci, sannan aka duba yadda mutane ke amfani da wayarsu don a ƙiyasta wanda ya fi buƙata. Binciken da mujallar Nature ta buga a 2022 ya nuna an rage barin mabuƙata a baya idan aka kwatanta da zaɓe ta yanki kawai. Amma lura da abu biyu. Sai da aka kira dubban mutane aka yi musu tambayoyi ɗaya bayan ɗaya kafin na'urar ta samu abin koyo, wato aikin da kake ganin na ƙanana ne shi ne ginshiƙin. Sannan wanda ba shi da waya, na'urar ba ta ganinsa sam. A ƙauyukanmu kuwa ka san su waye ba su da waya: tsofaffi da zawarawa da matan da wayar gidan ke aljihun maigida.

Akwai abin da ba na sassauci a kai. Kada ka taɓa zuba sunayen masu cin gajiya, ko lambobin wayarsu, ko sunan sansaninsu a cikin ChatGPT ko makamancinsa. Amana suka ba mu, wasunsu ma gudun rai suka yi. A Janairun 2022 kwamitin Red Cross na duniya ya sanar da cewa an kutsa cikin bayanan mutum fiye da 515,000, kuma suna da kariyar da mu ba mu da ita. Ga kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 a kanmu. Ka goge duk abin da zai nuna mutum kafin komai ya bar kwamfutarka.

Ranar Litinin ka zo da amsoshi ɗari na binciken abinci da muka kammala, ka cire sunaye, ka riga ka rarraba su da hannu. Za mu zauna tare bayan azahar mu ga inda kai da na'urar kuka rabu.