Tafiyar ƙafa a tsibirin Texel: me ya sa ba a yarda mutum ya hau tudun yashi yadda ya ga dama?

Tambaya: Ni ma'aikacin gona ne daga Argungu, zan je ƙasar Holan kwas na wata uku a kan noman rani. Abokan karatuna sun shirya mu kwana biyu a tsibirin Texel domin tafiyar ƙafa a tuddan yashi da bakin teku, kuma sun ce dole ne a bi hanyoyin da aka shata. Ni da na tashi cikin yashin gulbi, mene ne abin tsoro a yashi, kuma wane shiri ya kamata in yi?

Amsa: Malam, Allah ya kai ka lafiya. Sanin yashi da ka yi a gida zai amfane ka, domin ƙafar da ta saba da jigawa ba ta saurin gajiya, amma yashin da za ka tarar yana da wani aiki da namu ba ya yi, kuma aikin nan ne tushen duk dokokin da aka faɗa maka.

Texel, wanda mutanen ƙasar ke furtawa Tesel, shi ne mafi girma a jerin tsibiran da ke arewacin Holan, tsakanin Tekun Arewa da Tekun Wadden da UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2009. Daga Amsterdam za ka hau jirgin ƙasa zuwa Den Helder, daga nan jirgin fito ya ƙetarar da kai cikin kamar minti 20. Tsawon tsibirin bai wuce kilomita 25 ba, kuma kusan duk gefensa na yamma rairayin bakin teku ne, a bayansa kuma jerin tuddan yashi waɗanda aka mai da su gandun ƙasa a 2002, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 43.

Ƙasar da ke bayan waɗannan tuddai, wato gonaki da makiyayar tumaki da ƙauyuka, kwari ce ƙwarai, wani sashenta ma daga teku aka ƙwato shi, kuma tuddan su ne ganuwar da ke tare ruwa idan guguwar hunturu ta taso. Abin da ke riƙe tudun kuwa wata ciyawa ce mai kaushin ganye, wadda a ido za ta tuna maka da gamba. Halinta shi ne duk lokacin da iska ta binne ta da yashi sai ta ƙara tsawo, saiwoyinta su yi ta saƙa a ƙarƙashi, har tudun ya riƙa girma tare da ita. Tana jure gishiri da iska da fari, amma ba ta jure takawa. Idan mutane goma suka bi wuri ɗaya suka karya ta, sai iska ta sami ƙofa, ta fara kwashe yashin tana faɗaɗa ramin, kuma abin da ƙafa ta ɓata a yini guda yakan ɗauki shekaru kafin ya koma. Kai da ka ga yadda gona ke zaizayewa a arewacin Kebbi idan aka sare itatuwa, dabbobi suka cinye ciyawa har ƙasa, ba ka bukatar a yi maka dogon bayani. Bambancin kawai shi ne a wurinmu hamada ce ke shigowa a hankali, a wurinsu kuwa teku ne, kuma shi yana iya shigowa a dare ɗaya. A ganina wannan doka tana cikin waɗanda suka fi cancantar a bi ko babu mai gadi a kusa.

Akwai wuri a tsibirin da zai nuna maka hakan da idonka, shi ne De Slufter, kuma in da ni ne da shi zan fara. A tsakiyar ƙarni na 19 an gina ganuwar yashi a nan da niyyar samun sabuwar ƙasar noma, teku ya fasa ta, aka yi ta ƙoƙarin toshewa abin ya faskara, daga baya aka bar shi a buɗe. Yau fili ne mai faɗi da ruwan gishiri ke shiga ta ƙoramu yana fita, kuma a watannin Yuli da Agusta wani fure mai launin shuni yakan rufe shi. Ana buɗe sashe ga masu tafiya, a keɓe wani sashen domin tsuntsaye. Kudu da shi akwai De Muy, inda wani farin tsuntsu mai baki kamar cokali ke ƙyanƙyasa. Irinsa ne ke sauka gaɓar Muritaniya da Senegal idan sanyi ya shiga Turai. Saboda ƙwai da 'yan tsakin da ke kwance a ƙasa ne ake rufe wasu hanyoyin daga bazararsu zuwa ƙarshen lokacin zafi, don haka ka karanta allon da ke mashigar kowace hanya, ka bi turakun da aka shafa wa launi. A can ƙuryar arewa akwai jar hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1864, ana hawanta, kuma daga samanta ana hango tsibirin Vlieland.

Abu na biyu, wanda ya fi shafar ranka kai tsaye, shi ne cika da janyewar teku. Mu mutanen gulbi mun san ruwa yana cika da damina ya ja baya da rani, ko mutanen Yauri da ke zaune a gungu sun san lokacin da ruwa ke hawa a shekara. Teku kuwa sau biyu yake cika a kwana ɗaya, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25, shi ya sa lokacin ke matsawa gaba kullum. Filin da ka taka busasshe da hantsi yana iya zama ruwa kafin la'asar, kuma ruwan ba lallai ya zo ta gabanka ba, yakan zagayo ta ƙorama ya yanke maka hanyar komawa. Ka duba jadawalin cikar ruwa na ranar kafin ku fita, musamman idan za ku shiga De Slufter ko babban filin yashin De Hors da ke kudu. Kada kuma iya ninƙayar Matan Fada ta ja ka ka faɗa ruwa ko'ina, domin akwai igiyar ruwa mai jan mutum zuwa cikin teku, ga sanyin da ke kashe gaɓɓai ko a tsakiyar lokacin zafi. A yi wanka inda masu ceto suka kafa tuta kawai.

Game da tafiyar kanta, yashin da ke kusa da ruwa ya fi tauri, shi ya kamata a bi, busasshen na sama yana cin ƙarfi ninki. Iska galibi daga yamma ko kudu maso yamma take kaɗawa, dabara ita ce ku fara tafiya kuna fuskantarta tun da sauran ƙarfi, ku dawo tana tura ku. A bakin tekun akwai turaku masu lamba da mutanen wurin ke kwatance da su, kamar turke na 17 ko na 28; ka riƙa lura da lambar da ka wuce, domin in wani abu ya faru ka kira 112, wato layin kiran gaggawa, lambar turken ce za ta nuna inda kake. Ka ɗauki rigar da ke tare iska da ruwan sama ko da gari ya waye da rana, da takalmi rufaffe, da ruwan sha isasshe, tunda a cikin tuddan babu inda za ka ɗiba. Shanu masu dogon gashi da za ka gani suna kiwo an sake su ne don su rage ciyawa, ba a ba su abinci, ba a matsa musu. Hanyar keke kuma ta masu keke ce, ka kauce mata.

Idan tafiyar ta faɗo a Yuni ko Yuli, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, don haka ka nemi jadawalin salla na yankin, ka kuma san alƙibla tana kudu maso gabas, ba gabas ba kamar yadda ka saba. Da kun koma masauki ka duba jikinka da kyau, bayan gwiwa da hammata da ƙugu, saboda ciyawar tuddan tana da kaska, ƙanana ƙwarai fiye da wadda muka sani a jikin shanu, kuma wasunsu na ɗauke da cutar da ake kira Lyme. In ka ga ɗaya ka cire ta nan take da ɗan hantsaki, ka rubuta ranar, idan kuma jan zobe ya fito a wurin ko zazzaɓi ya biyo baya cikin makonni, ka je wurin likita ka gaya masa inda ka je.