Gilashi a cikin ƙashi: yana maganin ciwon ƙashi mai ruwa?

Tambaya: Likita, ƙanena ya karye a ƙwauri a hatsarin babur. An yi masa ɗori a gida, amma shekara biyu ke nan wurin yana fitar da mugunya ta wani ɗan rami. Na ji ana zuba wani gilashi a cikin ƙashi ya warke. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya. Gaskiya ne akwai shi, amma ba gilashin taga ba ne. Larry Hench ne ya fara haɗa shi a Jami'ar Florida ta Amurka a 1969. Wanda aka fi amfani da shi a ciwon ƙashi ana kiransa S53P4, an ƙirƙiro shi a Finland. Kashi 53 cikin ɗari silika ne, wato sinadarin da ke cikin yashi, sauran kuma sinadarai ne masu ɗauke da sodiyam, kalsiyam da fosfaros. Yana zuwa tsaki-tsaki, daga rabin milimita zuwa kusan milimita 3.

Da ya haɗu da ruwan jiki sai ya saki sodiyam, wurin ya koma kamar ruwan kanwa, gishirinsa kuma ya yi yawa har ƙwayoyin cuta su kasa rayuwa, har da masu bijire wa magani irin su MRSA. Daga baya samansa kan rufe da ma'adini irin na ƙashi, sabon ƙashi ya kama shi ya tsiro a kai, gilashin kuma ya narke sannu a hankali cikin shekaru.

Amma Malam, aikin na gaske tiyata ce. Ramin da ke zubar da mugunya yawanci alama ce ta mataccen guntun ƙashi a ciki, wanda jini ba ya kai masa, don haka allura ma ba ta kai masa. Likita zai kankare shi duka har ƙashi mai rai ya fara ɗigon jini, ya ɗebi samfur kamar biyar daga ciki don gwaji, ya wanke, ya jiƙa tsakin gilashin da ruwan gishiri na asibiti, ya cika ramin dam, ya rufe. Fa'idar gilashin a kan ƙwallayen simintin ƙashi masu maganin kashe ƙwayoyin cuta na gentamisin, waɗanda su ma ake cika ramin da su, ita ce ba sai an sake buɗewa an cire shi ba. Duk da haka za a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, galibi mako 6.

Inda ake samun matsala shi ne idan an bar mataccen ƙashi, ciwon zai dawo. Idan fatar ƙwauri ta yi siriri, ɗinkin kan ɗige ruwa ko ya buɗe, sai an juyo tsoka an rufe wurin. Tsakin ba ya ɗaukar nauyi, don haka rami babba na buƙatar ƙarfen tallafi da sandunan dogarawa.

Gilashin yana da tsada. Ku kai ƙanen naka wurin likitan ƙashi, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a ɗauki hoto, a kuma gwada sikari da sikila kafin a yanke shawara.