Libarbar farauta: .44 Magnum zan saya ko .500?

Tambaya: Malam, ina zaune a jihar Ohayo ta Amurka, ina da lasisin farauta, kuma ina so in fara harbin barewa da libarba, in riƙa zuwa filin koyon harbi a ƙarshen mako. Wani abokin aikina ya nace in sayi .500 Smith & Wesson, wai ita ce uwar libarba. Wasu kuma sun ce .44 Magnum ta isa. Wacce ta fi dacewa da ni?

Amsa: Malam, ka sayi .44 Magnum. Abokin naka bai yi ƙarya ba a kan ƙarfin .500, amma ita barewa ba ruwanta da girman harsashi, inda ya same ta ne ke kayar da ita.

Harsashin .44 Magnum ya fito ne a tsakiyar shekarun 1950, aikin haɗin gwiwar kamfanonin Remington da Smith & Wesson, bayan Elmer Keith, wani maharbi kuma marubuci a kan bindigogi, ya daɗe yana matsa musu. Tun daga lokacin ake kayar da barewa da aladen daji da baƙar beya da shi. Harsashi mai nauyin kusan giram 15 yakan ratsa ƙirjin barewa ya fita ta wancan gefen a tazarar yadi 50 zuwa 75, kuma mai libarba ba kasafai yake harbin abin da ya wuce haka ba.

Abin da ya sa na fi karkata gare ta shi ne tana cin harsashin .44 Special, wanda ba shi da shuri sosai. Da shi za ka yi ta atisaye har hannunka ya saba da kunama, sannan idan lokacin farauta ya matso ka koma Magnum ka gyara saiti.

Ita kuwa .500, a 2003 aka fito da ita. Mai dogon baki takan kai kilo biyu, harsashi biyar take ɗauka, kuma kuɗin kowane harsashi ya ninka na .44. Matsalarta ga sabon hannu ita ce razana. Idan bindiga ta shure ka sau uku ko huɗu, jikinka zai fara zabura tun kafin ta tashi: ka runtse ido, ka danna bakin bindigar ƙasa, harsashi ya sauka ƙasa da inda ka auna. Na ga maharban da suka shafe shekara suna fama da wannan ɗabi'a, kuma cire ta ya fi koyon harbi daga farko wuya. A daji abin da take haifarwa shi ne barewa ta gudu da rauni a ciki ko a ƙafa, ta je ta mutu a wahale inda ba za ka same ta ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin dabbar da ka ambaci sunan Allah ka harba tana da haƙƙin ka kashe ta da sauri.

Idan wata rana ka nufi Alaska ko manyan namun Montana, sai a yi maganar .454 Casull, wadda ke cin .45 Colt, ko .460 Smith & Wesson ta 2005, wadda ke cin duka biyun. Yanzu ba ka kai nan ba.

Batun ƙirar .44 da za ka zaɓa, ka duba Ruger Super Redhawk idan kana da niyyar ɗora madubin hangen nesa, domin an yi mata gurbinsa a jiki. Smith & Wesson 629 ta fi ta sauƙin ɗauka, kuma kunamarta tana da laushi. Ruger Super Blackhawk sai ka ɗana ta da babban yatsa kafin kowane harbi, wanda ba aibi ba ne a farauta. Ka nemi baki mai tsawon inci 6 zuwa 7 da rabi. Dokar Ohayo ta ce kada ya gaza inci 5, kuma harsashi ya zama mai miƙaƙƙen kwanso daga faɗin inci .357 zuwa sama, amma ka sake karanta littafin dokokin farauta na bana.

Kafin ka biya, je filin da ake ba da haya ka gwada .44 da .500. Ka kafa farantin takarda a yadi 50. Wadda ka iya zuba harsashi biyar a cikinsa, ita ce taka. Ka toshe kunne da abin toshewa, ka ƙara na rufewa a kai. Kada yatsanka ya kusanci tsagar da ke tsakanin gangar harsasai da bakin bindiga, iskar da ke fita nan tana yanka nama.

Kuma idan za ka ziyarci gida, ka bar ta a kulle a Amurka. A dokar makamai ta Najeriya, libarba tana cikin bindigogin da aka haramta mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa.