Ku Tambayi Anti: Ƙanena ya gaji da ɗauko wa mutane ƙwallo

TAMBAYA: Anti salamu alaikum, da fatan kina lafiya, ya aiki ya zafi. Ni daga cikin garin Katsina nake rubutowa, ta wajen Ƙofar Marusa. Ina da ƙane ɗan shekara 16, yana jariri ya yi sanƙarau aka makara kai shi asibiti, to tun daga nan komi nashi a hankali yake tafiya, magana ma sai da ya daɗe kafin ya fara, karatu kuwa har yau sunanshi kawai yake iya rubutawa. Amma ƙwallo kam ba a magana. Kullum bayan la'asar yana filin unguwarmu, sai dai ba su sa shi a wasa, aikinshi ya tsaya bayan gola in ƙwallo ta faɗa kwata ko ta tsallaka gidan mutane ya ruga ya ɗauko, wani lokaci su tara mashi takalmansu ya tsare. Ran nan ya dawo ya zauna a zaure ya ƙi cin tuwo, da na matsa mashi sai ya ce "Yaya ni ma ina son riga mai lamba." Mahaifiyarmu ta ce a hana shi zuwa filin gaba ɗaya kada a ji mashi ciwo, Baba ya ce a ƙyale shi. Na ji wai akwai gasar da ake yi wa irinsu har ƙasar waje, da gaske ne? Kuma mi zan yi?
Wata yaya, Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Zan fara da rigimar gida. Ni dai ina bayan Baba, kada a kulle yaron nan. Amma Mama ma ba ta yi laifi ba, tsoronta na uwa ne, kuma "a ƙyale shi" kaɗai bai isa ba, don in aka ƙyale shi haka zai kai shekara talatin yana gadin takalma a bayan gola.

Gasar da kika ji labari gaskiya ce, sunanta Special Olympics, kuma an yi ta ne musamman don masu naƙasar fahimta, wato waɗanda ƙwaƙwalwarsu ke ɗaukar abu a hankali tun daga yarinta, ba masu taɓin hankali ba, abu biyu ne daban ko da yake mutanenmu sun saba haɗa su a kwando ɗaya. Wadda ta kafa ta wata Ba'amurkiya ce Eunice Kennedy Shriver, ƙanwar tsohon shugaban Amurka John Kennedy. Kin ga gidan mulki da dukiya, amma su ma suna da 'yar uwa Rosemary mai wannan lalura. A 1962 matar nan ta fara tara irin waɗannan yara a filin gidanta suna wasanni, zuwa watan Yuli na 1968 aka yi babbar gasa ta farko a birnin Shikago da 'yan wasa kusan 1,000 daga Amurka da Kanada. Yanzu abin ya zagaye duniya, an yi a Abu Dabi a 2019, an yi a Balin ta Jamus a 2023, an ma yi ta nahiyar Afirka karo na farko a Alƙahira a Janairun 2020. Nijeriya tana zuwa, ofishinsu na ƙasa yana Legas.

Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne yadda suke raba 'yan wasa. Kafin gasa sai an gwada kowa an ga iya ƙarfinshi, sannan a haɗa shi da tsararrakinshi a shekaru da iyawa, rukuni ɗaya daga mutum 3 zuwa 8. Kamar dai a fagen dambe, ba wanda zai ɗauko sabon shiga ya tura shi gaban shago. Na ɗaya zuwa na uku su samu lambar zinariya da azurfa da tagulla, sauran ma kowa a kira sunanshi ya hau dandamali a ba shi shaidar girmamawa. Ana shiga gasa daga shekara 8, ƙananan yara 'yan 2 zuwa 7 suna da nasu shirin na wasa da motsa jiki. Kuma ba a karɓar kuɗi a hannun ɗan wasa, ki riƙe wannan da kyau, duk wanda ya zo maku da fom ya ce a biya za a kai yaro Turai to ɗan damfara ne.

Ki nemi Special Olympics ta shafinsu na intanet ko Facebook, ki tambayi shirinsu mafi kusa da ku. Amma gaskiya ba zan so ki zauna jiran Legas ba alhali filin yana bayan gidanku. Su ɗin nan suna da wani tsari da ake haɗa masu lalura da marasa lalura a tim ɗaya, in ana buga biyar-biyar to uku masu lalura biyu marasa, in bakwai-bakwai ne huɗu da uku, kuma sharaɗin shi ne lafiyayyun ba za su mamaye ƙwallon su bar sauran suna bin iska ba. Wannan ba ya buƙatar jirgi ko biza. Ki sa Baba ko wani yayanku namiji da ake jin maganarshi ya samu kocin yaran ko babban cikinsu, ba a tsakiyar fili gaban kowa ba, a same shi a gefe bayan magariba a yi mashi magana ta mutunci. Kada a ce "ku taimaka ku tausaya mashi", da an faɗi haka an gama kashe maganar, za su sa shi minti biyu su bar mashi ƙwallo ya ci gola na ƙarya a yi ihu a tashi, kuma wallahi yaran nan suna ganewa in ana yi masu wasan yara. A ce ana son a ba shi wuri ɗaya takamaimai, misali baya ta dama, a koya mashi aiki ɗaya, wannan mutumin naka ne kada ya wuce ka, a yi ta maimaita mashi har ya zauna. Magana gajera, a nuna mashi da ƙafa maimakon dogon bayani. In ya riƙe wannan a ƙara wani. Ranar atisaye a fara, ba ranar da aka sa kuɗi ko ake karawa da wata unguwa ba, ranar nan kowa idonshi ya rufe.

Rigar kuma ki saya mashi, ko ta gwanjo ce, a kai wa masu buga lamba su buga mashi lamba da sunanshi a baya. Sunan nan da shi ne kaɗai abin da ya iya rubutawa.

Kafin duk wannan a kai shi asibiti a duba shi, kuma ki roƙa a gwada kunnenshi. Sanƙarau yana yawan taɓa ji, sau da yawa yaron da ake cewa ba ya gane umarni a fili ashe usur ɗin ne da kiran da ake mashi ba ya ji sosai. Su ma Special Olympics tun 1997 suke da shirin duba lafiyar 'yan wasa kyauta a wuraren gasa saboda irin wannan, yanzu har da ido da kunne da haƙori da ƙafa. In yana farfaɗiya a gaya wa likita, a kuma gaya wa koci abin da zai yi in ta tashi, a kwantar da shi ta gefe, ba a cusa mashi cokali a baki. Wannan zai kwantar wa Mama da hankali fiye da duk wani lallashi.

Sai maganar da ba ki tambaya ba amma ita ta fi ci mani rai. Yaron da ya shekara yana zuwa fili kafin kowa, ya san ƙwallo nawa ce, ya san takalmin wane da wane, bai taɓa ɓatar da ko silifa ba, wannan ai riƙon amana ne, kawai ba a kira shi da sunanshi ba ne. A Special Olympics ba wasa kaɗai ake koya masu ba, ana horar da su shugabanci, wasu su zama mataimakan koci, wasu alƙalan wasa, wasu masu magana da yawun 'yan uwansu a taro, kuma ƙa'ida ce kwamitin gudanarwa na kowace ƙasa sai an sa ɗan wasa mai lalurar a ciki ya zauna a yi shawara da shi. Akwai wata baƙar fata 'yar Amurka Loretta Claiborne, an haife ta a 1953 da wannan lalura ga raunin gani, ba ta yi tafiya ba sai da ta shekara huɗu, an ba uwarta shawara ta kai ta gidan ajiye naƙasassu ta ƙi. Matar nan ta yi gudun fanfalaki na kilomita 42 fiye da sau 25, ta zauna a kwamitin ƙoli na ƙungiyar ta duniya. Ban ce ƙanenki sai ya zama ita ba. Amma a tim ɗin unguwa ana iya cewa daga yau shi ne mai kula da kayan wasa, a faɗa gaban kowa, makullin akwatin a hannunshi, in za a sayi sabuwar ƙwallo a tambaye shi, ranar taro a ba shi dama ya yi magana ko jimla biyu ce a kuma jira ya gama ba a ƙarasa mashi ba. Da sharaɗi ɗaya, muƙamin ba zai zama madadin buga wasa ba. In aka ba shi makulli aka hana shi fili to an dawo gidan jiya.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Ni malamin wasanni ne a wata makaranta a Daura. Muna da yara uku masu irin wannan lalura, ɗaya yarinya ce mai lalurar Down, wadda ake haifar yaro da ita tana shafar fahimtarshi. Duk shekara in za a yi gasar gidaje sai shugaban makaranta ya ce a zaunar da su ƙarƙashin rumfa kusa da manyan baƙi a ba su lemo, wai kada su ba mu kunya. Ni abin bai kwanta mani ba. Ina da hujjar da zan kai mashi? Sannan irin waɗannan yara suna iya kaiwa gasar Paralympics da muke gani a talabijin?
Wani malami, Daura

AMSA: Malam Allah ya saka da alheri, ina ma a samu irinka da yawa. Hujja kam akwai, kuma ɗan garinku ne ya sa mata hannu. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci ta 2018, marigayi Muhammadu Buhari ya rattaba mata hannu a Janairun 2019, ita ta haifar da hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa, ta kuma haramta ware mutum saboda naƙasarshi. Sai dai ban ba ka shawarar ka shiga ofishin maigidanka kana kaɗa takardar doka ba, ka san halinmu, sai a bar maganar yara a koma maganar raini. Ka je mashi da tsari a rubuce, gudun mita 50, jifan ƙwallo, da gudun miƙa sanda wanda kowane gida zai sa yaro ɗaya mai lalura cikin 'yan gudunshi huɗu, makin kuma ya shiga lissafin gidan kamar na kowa. In yaran uku ne gidaje huɗu, ka duba makwabtan makarantu, ba za a rasa na huɗu ba. Ka fara atisaye da su kamar sati takwas kafin ranar, su saba da ƙarar usur da layin da za su bi, don yawancin abin da ake kira kunya rashin shiri ne, an ɗauko yaro ranar taro an jefa shi cikin hayaniya da kiɗa. A maci kuma ka ba ɗayansu tutar gidan ya riƙe a gaba.

Ita yarinyar a kai ta likita tukun. Masu lalurar Down kusan rabinsu ana haifarsu da matsalar zuciya, wasu kuma ƙasusuwan saman wuyansu suna da sassauci, don haka banda alkafura, banda sa kai a ƙwallo, banda tsallen sama sai likita ya ce ba komi. In iyayenta suna jin nauyin a ga 'yarsu tana gudu, ta sa dogon wando da hijabinta, malama mace ta tsaya mata. Ko Saudiyya ta tura mata gasar Abu Dabi a 2019, karon farko ke nan da ta tura mata.

Paralympics kuwa wata duniya ce daban. Ita ta zaratan 'yan wasa ce, sai ka kai wani mataki na gudu ko nisa kafin a ɗauke ka, kuma mafi yawanta na masu naƙasar jiki ne da makafi, shi ya sa 'yan Nijeriya suka yi suna a ɗaga ƙarfe. Masu naƙasar fahimta wasa uku kawai suke shiga, guje-guje da tsalle-tsalle, ninƙaya, da ƙwallon tebur, kuma sai an yi gwajin ƙwaƙwalwa mai tsauri da takardu. Dalilin tsaurin shi ne abin da ya faru a Sidni a 2000, tim ɗin ƙwallon kwando na Sifaniya ya ci zinariya, daga baya aka gano 10 cikin 'yan wasa 12 lafiyarsu lau. Aka ƙwace lambar, aka kuma rufe ƙofa ga masu lalurar na gaskiya waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, sai a Landan 2012 aka dawo da su. To in cikin yaranka ka ga wanda gudunshi ya fita daban, ka riƙa rubuta lokacinshi da agogo duk sati, ka adana takardun asibitinshi da na makaranta tun yanzu, sannan ka kai maganar ma'aikatar wasanni ta jiha a Katsina. Lemon kuma a ba su bayan sun gama gudu kamar sauran yara.