Me ake yi a majami'ar Yahudawa ban da ibada?

Malam, ka tambaya ko majami'ar Yahudawa wurin addu'a ne kawai, a yi a watse. A'a, ita ce cibiyar unguwarsu. Ɗauki misalin tsibirin Jarba a Tunisiya, inda Yahudawa suka daɗe suna zaune da maƙwabta Musulmi, yawancinsu a unguwar Hara Kabira.

Addu'arsu sau uku ce a rana, amma wasu sassanta ba sa yiwuwa sai an haɗa maza baligai 10. Wannan ƙa'idar ita ke riƙe jama'a, domin idan mutum ɗaya bai fito ba, kowa ya sani, sai a aika yaro ya duba ko lafiya. Ana karanta Attaura daga naɗaɗɗiyar fata ranakun Litinin, Alhamis da Asabar. A nan ake jin wanda aka yi wa haihuwa, da wanda zai yi aure, da gidan da za a je ta'aziyya. Yara ma a nan suke koyon Ibrananci.

Babbar majami'ar Yahudawan Jarba, El Ghriba, sai an cire takalmi ake shiga. Kusan duk shekara lokacin wani bikin addininsu mai suna Lag BaOmer baƙi na zuwa daga Faransa da wasu ƙasashe, mata su rubuta buƙatunsu a jikin ƙwai su ajiye a wani ɗan kogo a ciki.

Abin da ke min ciwo shi ne an kai wa wurin hari a 2002, aka sake a 2023, kuma cikin waɗanda aka kashe a na biyun har da jami'an tsaron Tunisiya da ke gadin masu ziyara.